Kayan Kaka Ba Tarkace Ba Ne

A gidajen gwanjon Landan da Paris, da kuma a shagunan intanet na dillalan kayan dā, akwai wata haja da girmanta bai kai tafin hannun jariri ba. Gamin kuza da darma ce kurum, babu zinariya ko azurfa a jikinta, amma masu tara kayan tarihi na rububinta kamar gyaɗar farko a kasuwar kaka. Lambobin ziyara ne na Kiristocin Turai, waɗanda talakawansu ke saya da ƴan kwabbai a ƙofar majami'u shekara 500 zuwa 800 da suka wuce, su maƙala a hula ko a wuyan riga, don duk wanda ya gamu da su bisa hanya ya san inda suka fito.

Mai karatu na iya tambaya: ina ruwan mutumin Safo da darmar Nasara? Ruwansa ne ƙwarai. A ƙauyukan da ke bin Gulbin Maraɗi, daga Safo har Madarunfa, ba baƙon abu ba ne a ga mai babur da rani yana bi gida gida yana cigiyar tsofaffin kaya: munduwar tagulla, zoben azurfa, linzamin doki, tsohuwar laya mai kube, takobin da tsatsa ta ci. Wani ɗan gwangwan ne da zai auna bisa sikeli ya kai a narke. Wani kuwa yaron dillali ne, wanda ya san cewa abin da ya saya jikka biyu zai ƙetare iyaka ya koma wani farashi. Su biyun ɓarna guda suke yi, domin a hannunsu abin yakan rabu da sunan mai shi da wurin da ya fito. Abin tarihi kuwa, da zarar ya rasa waɗannan biyun, ya zama shaidan da aka yanke wa harshe.

Abin da Turawa suka tsinta cikin laka

Ranar 29 ga watan Disamba na shekarar 1170, jarumawa huɗu na sarki Henri na Biyu suka kashe babban limamin Kiristan Ingila, Thomas Becket, a cikin majami'ar Kantabari. Ba a daɗe ba kabarinsa ya zama wurin ziyara. Maƙeran garin suka shiga zuba ƴan ƙananan kwalabe na darma, ana cika su da ruwan da aka ce an gauraya da jininsa, daga baya kuma suka koma zuba lambobi masu siffar kansa. Mai ziyarar Santiyago ta ƙasar Sifen shi kuma ɓawon wata katantanwar teku yake ratayowa. Sana'ar ta bunƙasa har ta kai a shekarar 1466, a garin Einsiedeln na ƙasar Suwis, an sayar da lamba 130,000 cikin mako biyu. Hatta Gutenberg, kafin ya shahara da na'urar ɗab'i, ya haɗa jari da wasu abokai a Strasbourg a shekarar 1438 don ƙera ƴan madubai da za a sayar wa masu ziyarar Aachen.

Akwai kuma lambar ubangida, wadda barori da dakarun manyan fadawa ke ɗaurawa don a san na wa ne. Masu ɗauke da ita kan yi wa talakawa kama-karya suna taƙama da sunan mai gidansu, har a shekarar 1388 majalisar Ingila ta nemi a hana rarraba ta. Duk da haka al'adar ba ta mutu ba: a shekarar 1483 sarki Richard na Uku ya sa an yi masa lambobin tufa 13,000 masu hoton farin aladen daji, alamarsa ke nan.

Su ma Turawan ba su ɗauki waɗannan abubuwa da daraja ba a farko. Mafi yawansu cikin lakar koguna aka tsinto su. A tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da ake yashe kogin Seine a Paris, wani mai suna Arthur Forgeais ya riƙa bin ma'aikata yana tattara su, kuma wani kaso na abin da ya tara yana gidan tarihi na Cluny har yau. Da kasuwa ta buɗe, sai jabu ya biyo baya. Tun daga shekarar 1857, wasu mutum biyu a Landan, William Smith da Charles Eaton, waɗanda ba su yi wani karatu ba, suka zuba dubban lambobin ƙarya suka sayar wa masu ilimi, suna cewa daga ƙarƙashin tashar jiragen ruwa aka haƙo su.

Daga wannan kunya ne Turawa suka koyi darasi: darajar abin tana ga sanin inda aka same shi. Misali guda ya isa. An kashe Richard na Uku a yaƙin Bosworth a shekarar 1485, aka yi ɗaruruwan shekaru ana nuna wa baƙi wani tudu a matsayin fagen fama. A shekarar 2009 masu bincike suka tsinci wata ƴar lambar aladen daji ta azurfa a wata gona mai nisan kusan kilomita uku daga tudun, tare da harsasan igwa da dama. Saboda an rubuta daidai wurin da ta faɗi, lambar nan ta taimaka aka gyara taswirar yaƙin. Da wani ya jefa ta aljihu ya kai kasuwa, da ta zama abin ado a falon attajiri, tarihi kuma ya ci gaba da nuna tudun da ba shi ba ne. Shi ya sa tun 1997 Ingila ta kafa tsarin da duk wanda ya tsinci abin dā zai kai a rubuta, a ɗauki hotonsa, sau da yawa kuma a mayar masa da kayansa. Abubuwan da aka rubuta ta wannan hanya sun haura miliyan ɗaya.

Abin da ke cikin adakar Safo

To, shin ƙasar Katsinar Maraɗi ba ta da irin nata lambobin? Wanda ya ce babu, bai taɓa buɗe adakar tsohuwa ba.

Kafin jirgin sama, mahajjacin ƙasar Hausa a ƙafa yake tafiya, ta Barno da Wadai da Darfur har Sawakin, bakin Bahar Maliya. Wani ya yi shekaru bisa hanya yana noma yana ƙodago, wani ya zauna can Sudan bai dawo ba. Wanda Allah ya maido gida yakan zo da shaida: makawiya, tasbaha, ƴar gwangwanin zamzam da aka liƙe bakinta, takardar tafiya mai tambarin kowace iyaka da ya ƙetare, daga baya kuma haƙorin Makka. Takarda guda irin wannan, in an karanta tambarinta ɗaya bayan ɗaya, za ta faɗi hanyar da mutumin Safo ya bi da shekarun da ya yi, abin da babu wani littafin makaranta da ya rubuta shi.

Ziyarar kusa ma akwai ta. A gefen tafkin Madarunfa akwai kaburburan da aka sani da na waliyyai 99, inda mutane ke zuwa daga nesa don addu'a. Tun shekarar 2006 Nijar ta sa tafkin da dajinsa da kaburburan cikin jerin wuraren da take fatan hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. Amma ina rubutaccen bayanin abin da mai ziyara ke kaiwa da abin da yake komowa da shi, a bakin tsofaffin da suka ga yadda ake yi shekara sittin da suka wuce?

Lambar ubangida kuwa, ai ko yaro ya san jar rigar dogari tun daga nesa. Tarihin Kano ya ambaci sarki Kanajeji, na ƙarshen ƙarni na 14 da farkon na 15, a matsayin wanda ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Katsina na alfahari da takobinta Gajere, wanda ake dangantawa da Korau. Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a shekarar 1807, gidan sarautarta ya yiwo arewa, Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi, magadansa irin su Ɗan Baskore suka shafe ƙarni na 19 bisa doki. Mutanen da suka bi su yaƙi daga ƙauyukan gulbin nan suke. Sarki yakan ba bawansa ko jaruminsa riga, ko takobi, ko kayan doki, kyautar kuma ita ce shaidar amana tsakaninsu. Ba duka ne suka tsaya a fada ba. Wasu na rataye cikin rumbuna da zaurukan jikokin waɗancan jarumawa, suna jiran mai babur.

An riga an yi asara mai yawa. Ambaliyar shekarar 1945 ta cinye tsohon garin Maraɗi, aka tashi aka koma bisa tudu. Gara da gobara da ƙaura sun ci nasu rabon. Abin da ruwa ya bari, shi ne yanzu sikeli ke ƙarasawa.

Hujjoji uku da ake fakewa da su

Hujja ta farko ita ce talauci. Ana cewa wanda hatsinsa ya ƙare tun kafin damina ba za a yi masa wa'azin tarihi ba. Gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai zargi gwauruwar da ta sayar da munduwa don ta sayi tiyar gero, balle iyalin da ƴan bindigar iyaka suka kore wa shanu, ko suka nemi kuɗin fansa a wurinsu. Sai dai a dubi wanda ke cin ribar. Jikka biyun da aka ba ta za su ƙare kafin kasuwa ta sake ci, wanda ya ɗauki munduwar kuwa zai riɓanya kuɗinsa a kowane hannu da ta bi. Talauci na iya tilasta sayar da ƙarfe. Ba ya tilasta a sayar da shi ba tare da wani ya zauna minti goma ya rubuta na wa ne ba. Wannan sakaci ba na matalauci ba ne, na wanda ya iya riƙe alƙalami ne.

Hujja ta biyu ta addini ce. Wasu na ganin laya da kambu da guru da kayan ƴan bori kayan jahiliyya ne, maganinsu wuta. Hukuncin amfani da su na malaman addini ne, kuma kowa na da malaminsa. Amma rubuta labarin abu daban, bauta masa daban. Alƙur'ani mai girma ya ja hankalin mutane a wurare da dama ga kufan al'ummomin da suka shuɗe don su ɗauki izina, izina kuwa ba ta samuwa daga toka. A nan ma Ingila na da abin faɗa. A shekarar 1538 sarki Henri na Takwas, bayan ya raba gari da Paparoma, ya sa an rushe kabarin Becket ƙurmus, aka kwashe zinariyarsa. Yau jikokin waɗanda suka rushe shi, in suna son sanin kamanninsa, ƴan lambobin darmar talakawa na cikin abin da suke dubawa. Zafin rai na shekara guda ya bar wa ƙarni biyar cizon yatsa. Wanda ya tuba daga laya ya yi wa kansa, amma takardar da ke cikin kubenta na iya ɗauke da rubutun hannun wani malami na zamanin Ɗan Baskore, da irin tawadarsa, da tambarin masana'antar da ta yi takardar. Ƙona ta ba ya ƙara wa kowa imani. Ƙasa ce kawai ke rasa shafi guda na tarihin karatunta.

Hujja ta uku ta fi ban takaici, domin daga bakin ƴan boko take fitowa. Sukan ce gara Bature ya ɗauka, shi ya iya ajiya, a nan gara ce za ta ci. Wannan magana na gauraya abu biyu: mai bincike da mai tarawa. Mai bincike yana son sanin zurfin ramin, da abin da ke kusa da abin, da wanda ya binne shi. Mai tarawa kyau yake nema da ƙarancin samuwa. Dillalinsa ma yakan ɓoye asalin abu da gangan, domin faɗin asalin na iya jawo masa duwan da jandarma. Shi ya sa takardar gwanjo kan taƙaita da cewa: Afirka ta Yamma, watakila Hausa, ƙarni na 19. Gidan da abin ya fito, da sunan jarumin, da yaƙin da aka ba shi kyautar, duk sun tafi. Ƙarfen na nan cikin gilashi babu ƙura, amma ba ya iya gaya wa kowa kome. Kuma kamar yadda aka gani a Landan, inda duk mai saye ya yawaita, mai zuba jabu na nan tafe, har a wayi gari ba a iya rarrabe takobin kaka da wanda aka binne cikin taki wata uku don ya yi tsatsa.

Bura da Durɓi ta Kusheyi

Ba sai an je Turai neman misali ba. A shekarar 1975 aka gano maƙabartar Bura a yankin Tera, yammacin Nijar. A 1983 masanin nan Boubé Gado na cibiyar binciken IRSH ta Yamai ya tone ta bisa ƙa'ida, ya fito da tukwanen binne gawa da mutum-mutumin yumɓu, har da mahayin dokin nan da ya yi suna. A shekarar 1993 aka buɗe baje kolin kayan tarihin kwarin kogin Kwara a Paris, duniya ta ga kayan Bura, masu tarawa suka yi sha'awa. Abin da ya biyo baya sananne ne: aka faɗa wa kufai da diga da shebur, ana farfasa tukwane don a ciro kawunan da ke jikinsu. A shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura cikin jan jerinta na kayan Afirka da ke cikin haɗari, tare da na Nok da Sakkwato da Katsina. Yau akwai kayan Bura birjik a Turai da Amurka, amma sanin da ake da shi kan mutanen da suka yi su bai wuce ɗan abin da aka tona da alƙalami a hannu ba.

A gefe guda kuma ga Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani a ƙasar Katsina, wurin da ya shafi tushen sarautar da Maraɗi ta gada. Bature Palmer ya fara tona tuddan a shekarar 1907, aka sake tona wasu a 1992, aka kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su aka nazarce su. An samu tasoshin ƙarfe, da wuri, da duwatsun wuya, da ƴan kunnen zinariya, da awarwaron hauren giwa, na tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Saboda an san kabarin da kowane abu ya fito da abin da ke kwance kusa da shi, masana suka iya nuna cewa manyan ƙasar Hausa na wancan zamani na da hulɗar ciniki da ta kai Gabas ta Tsakiya. Da tasar nan ta bi hannun dillali, da an rubuta mata asalin Masar ko Sham, Katsina kuwa ba za a ko ambace ta ba.

Ihu bayan hari

Tun jawabin shugaban Faransa a Wagadugu a shekarar 2017, da rahoton Felwine Sarr da Bénédicte Savoy na 2018, maganar maido da kayan tarihin Afirka ta cika tarukan ƙara wa juna sani. An miƙa wa Senegal takobin da ake dangantawa da Alhaji Umaru Tal a 2019, an mayar wa Benin kayan fadar Abomey guda 26 a 2021. Wannan haƙƙi ne, kuma neman sa wajibi ne. Amma a lura da dalilin da ya sa aka iya neman waɗannan: an san ranar da aka ɗauke su, da sojan da ya ɗauka, da fadar da suka fito. Tutar Sarkin Musulmi Attahiru da Ingilishi suka kwashe a Burmi a 1903 ta komo Sakkwato a 1960 ne domin kowa ya san tutar wa ce. Abin da ya bar Safo jiya cikin buhu bayan babur, babu lauyan da zai iya nemo shi, domin babu takardar da ta ce ya taɓa zama a Safo.

Ko kwanan nan an ga irin haka. Wani dutse mai nauyin kusan kilo 25, wanda ya faɗo daga duniyar Mars, an tsince shi a jahar Agadas a watan Nuwamba na 2023. A watan Yuli na 2025 aka yi gwanjonsa a New York kan dalar Amurka sama da miliyan biyar. Gidan gwanjon ya ce takardunsa cikakku ne, hukumomin Nijar suka buɗe bincike kan yadda ya fita. Ko mene ne sakamakon, jama'ar ƙasa ba su ji labarin dutsen ba sai da ya kai wancan gefen teku.

Doka kuwa akwai ta. Nijar na cikin yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana fataucin kayan al'adu, tana kuma da doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga watan Yuni na 1997, wadda ta hana tono da fitar da kayan tarihi ba da izini ba. Sai dai doka ba ta san abin da ke cikin rumbu ba. Jami'in duwan ba zai tsare abin da ba a taɓa ƙidaya ba, gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai kuwa, mai nisan fiye da kilomita 600 daga Maraɗi, ba shi da ma'aikacin da zai aika kowane ƙauye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa a nan ƙauye take.

Littafi guda a kowace makaranta

Nan ne magana ta iso kan malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu, kuma ba za ta yi musu daɗi ba. Shekara da shekaru ana shirya makon al'adu, a sa wa yara rawani da gemun auduga, a yi rawar takai, a raba lemo, a watse. A cikin garin kuwa akwai tsohuwa mai shekara tamanin da ta san wanda ya kawo tasar da ke ƙarƙashin gadonta daga Sawakin, kuma babu ɗalibi ko ɗaya da aka taɓa turawa ya tambaye ta. Ana koya wa yaro sarakunan Songhai da Mali daga littafi, ba a koya masa cewa linzamin da ke rataye a zauren gidansu shi ma takardar tarihi ce ba.

Aikin ba ya bukatar tallafin wata ƙungiyar waje. Littafin rubutu guda ne mai kauri, da ma'auni, da wayar salula mai ɗaukar hoto. Kowane abu a ba shi shafi: sunansa kamar yadda masu gida ke kiransa, abin da aka yi shi da shi, tsawonsa da faɗinsa, wanda ya fara riƙe shi, inda ya samo shi, hannuwan da ya bi, sannan labarin da tsoho ya bayar da bakinsa, ba gyara ba ƙari, da ranar da aka ji shi. Abin da aka tsinta a gona ko a gaɓar gulbi bayan ambaliya, a rubuta gonar da zurfin wurin, a sanar da magajin gari. A yi rubutun da Hausa. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma kundin ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. In harshen ƙasa bai iya riƙe sunayen kayan ƙasa ba, to ɗaukakar ta tsaya a takarda.

Sharuɗɗa biyu ne ba makawa. Na farko, kaya na mai shi ne. Malami ba ya karɓa, ba ya aro, ba ya kai wa kowa, in ba haka ba ƙofofi za su rufe tun ranar farko. Na biyu, littafin amana ne. A irin wannan zamani na rashin tsaro, rajistar da ta bayyana gidan da azurfa take ta zama jagorar ɓarawo. Saboda haka sunayen gidaje su tsaya a kwafin da ke hannun shugaban makaranta da mai gari, wanda za a aika wa masu bincike na jami'ar Maraɗi ko IRSH kuwa a sa masa lamba a madadin suna.

Wani zai ce, to in an rubuta kuma mai shi ya sayar fa? Ko da hakan ta faru, an tsira da rabin da ya fi tsada, wato labarin da hoton, kuma an samu hujjar nema in abin ya ɓulla a wani gwanjo. Ban da haka, mutum ba ya saurin rabuwa da abin da jikarsa ta zauna gabansa ta rubuta tarihinsa. Abin da ake kira tarkace shi ake sayarwa jikka biyu. Ranar da aka kira shi takobin wane, wanda sarki wane ya ba shi, farashinsa a idon masu gida ya wuce abin da mai babur ke iya biya.

Makarantu sun koma, rani na tafe, mai babur ma ya san hanya. Tsofaffin da suka ga tsohon Maraɗi kafin ruwan 1945 saura ƙalilan, kuma kowace shekara ana raka wasu. Malamin da ya buɗe littafinsa bana zai tarar da masu ba shi amsa. Wanda ya jira sai an aiko da takardar umurni daga Yamai, yana iya tarar da adaka a buɗe, mai ita kuma ta riga mu gidan gaskiya.